Yaron Da Ba Ya Juyowa In An Kira Shi: Shin Yana Da Kujera A Makarantarmu?

Kowace shekara shafuffukan wannan mujalla cike suke da hotunan waɗanda suka zo na ɗaya a aji, da gwanayen tsere da ƙwallo, da 'yan ƙungiyar mawaƙa, kuma hakan daidai ne. Amma bana muna neman izini mu yi magana a kan wani yaro wanda ba a cika ganin hotonsa a irin wannan mujalla ba, sau da yawa ma sunansa ba ya kai wa ga shiga rajista.

Duk wanda ya tashi a Bodinga, ko Sifawa, ko Danchadi, ko Shagari, ko Kajiji, ya san irin wannan yaro. Ana kiran sunansa ba ya juyowa, har a yi zaton kurma ne, amma da an buɗe ledar biskit a bayan ɗaki sai ka gan shi ya zo. Ya kai shekara huɗu ko biyar bai fara magana ba, ko kuwa yana magana amma abin da ka faɗa masa shi zai maimaita maka. Yakan jera duwatsu ko murafen kwalba a layi, in ka gusar da guda ɗaya ya yi ta kuka kamar an yi masa rasuwa. Yakan kaɗa hannuwansa, ko ya yi ta jijjiga jikinsa gaba da baya. Wani kuma bakinsa garau, ya san lambar kowace mota da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, amma bai san yadda zai shiga cikin wasan tsaransa ba. A unguwa an riga an raɗa masa suna: dolo, ko gaula, ko taɓaɓɓe, ko ɗan ruwa. Likitoci kuwa suna kiran wannan hali otizim. A gidajen rediyo akan ji ana cewa galahanga, sai dai kalmar nan an ɗora mata kaya da yawa, domin akan kira da ita yaron da gaɓoɓinsa suka shanye tun haihuwa da sauran lalurori dabam dabam, saboda haka a nan za mu riƙe sunan da likitoci suka sani.

Ra'ayinmu a fili yake. Yawancin irin waɗannan yara suna iya zama a aji tare da mu, kuma makarantar da ke ɗauke da sunan Almasihu ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta ce da iyayensu su nemi wani wuri.

Bari mu fara da abin da aka sani, gama rashin sani ya fi dare duhu. A shekarar 1943 wani likita a birnin Baltimo na Amurka, mai suna Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 da ya lura suna da wannan hali. A 1944 wani likitan, Hans Asperger, ya rubuta makamancin haka a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Daga baya masana suka gane cewa abin mataki mataki ne: akwai wanda ba zai taɓa yin magana da baki ba kuma zai bukaci mai kula da shi muddin ransa, akwai wanda zai yi jami'a ya yi aure ya riƙe gida, akwai kuma masu yawa a tsakani. Kiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 shi ne kamar yaro ɗaya cikin 100. In muka ɗauki wannan lissafi, makarantar da ke da ɗalibai 500 ya kamata a sami kamar biyar a cikinta. Idan aka duba ba a sami ko ɗaya ba, to, ɗayan biyu ne: ko suna nan ba a gane su ba, ana yi musu bulala a kan taurin kai, ko kuwa an tankaɗe su tun daga firamare.

Akwai wani abu da ya shafi al'adarmu wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Littattafan Turawa sukan ce babbar alama ita ce yaro ba ya kallon mutane a ido. To, mu a nan yaron kirki ai ba ya ƙura wa babba ido, sunkuyar da kai yake yi, kuma ladabi muke kiran wannan. Yarinyar da ba ta magana, ba ta shiga cikin ƙawaye, kullum tana gefe ita kaɗai, yabonta ake yi a ce mai kunya ce. Ko a ƙasashen da ake da likitoci da yawa, yara maza da ake ganowa sun ninka mata kamar sau huɗu, masana kuwa suna ganin ana tsallake 'yan mata da dama domin sun iya ɓoye wahalarsu. Ina ga wurin da ake ɗaukar shirun mace a matsayin ado? Malaman da ke kula da ɗakunan kwanan 'yan mata su riƙe wannan a zuciya.

Daga ina abin yake fitowa? Nan ne ake cutar iyaye mata. Za ka ji ana cewa uwar ta fita da tsakar rana tana da ciki, ko ta zubar da ruwan zafi da almuru, ko kishiya ce ta yi mata sammu, ko wani zunubi ne na gidan yake bin yaron. Kada mu ɗauka mu kaɗai ne muka faɗa wannan rami. Turawa ma sun yi shekaru suna cewa sanyin zuciyar uwa da rashin nuna ƙauna ne ke jawo shi, har aka rubuta littattafai a kai, mata da yawa suka tsufa da wannan baƙin ciki. Sai a 1977 wasu masana biyu a Ingila, Susan Folstein da Michael Rutter, suka yi bincike a kan tagwaye, suka nuna cewa gado yana da babban hannu a ciki. Tun daga nan bincike ya yi ta tabbatar da cewa yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa ne tun yaro yana ciki. Ba ya yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a benci ɗaya. Haka kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi. Likitan da ya baza wannan jita-jita a Ingila a 1998, Andrew Wakefield, yara 12 kacal ya duba, daga baya aka gano rashin gaskiya a aikinsa, mujallar da ta buga rahoton ta janye shi a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita a wannan shekarar. Mu da muka ga abin da ƙin rigakafin shan inna ya jawo wa Arewa a 2003 da 2004, bai kamata mu bari wata sabuwar jita-jita ta sa ƙyanda ta kwashe mana yara ba.

Mu masu bi kuwa, an riga an amsa mana wannan tambaya. A Bishara ta hannun Yahaya, sura 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, nan da nan suka shiga neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da zancen laifin gaba ɗaya. Abin mamaki ne a ce bayan shekara dubu biyu har yanzu ana tsayawa a ƙofar majami'a ana yi wa uwa irin tambayar almajiran nan da ido, ko da ba a furta da baki ba.

Wannan ya kawo mu ga batun addu'a, kuma muna roƙon iyayenmu fastoci su yi mana haƙuri. Muna ba da gaskiya ga addu'a. A yi wa yaron addu'a, a yi wa uwarsa da ta yi shekaru ba ta sami barcin kirki ba, a yi wa malaminsa. Amma kama yaro a danne shi a tsakiyar taro, ana yi masa ihu a kunne wai ana fitar da aljani, ko a hana shi abinci da sunan azumi, wannan azaba ce ga wanda ƙarar ƙofa kaɗai takan firgita shi. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, a wannan shekarar kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a wurare da yawa a Nijeriya, kuma cikin wuraren da ta ambata har da majami'u. Saboda haka ba mu da bakin nuna wa maƙwabta yatsa. Yaron da ke da farfaɗiya tare da otizim, abin da yakan faru ga wasunsu, magani yake bukata, akwai kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba abin kunya ba ne, ko da yake mun san yadda yara suke tsokanar juna da sunan garin.

Yanzu ga hujjojin masu cewa a'a, kuma ba mu raina su ba. Na farko sukan ce akwai makaranta ta musamman a Sakkwato, wato A. A. Raji, a kai su can. Gaskiya ne tana nan, tana kuma aiki mai amfani, akwai ma yaran da bukatarsu ta fi ƙarfin abin da aji irin namu zai iya bayarwa. Faɗin haka ga iyaye cikin gaskiya da ƙauna ba laifi ba ne. Amma makaranta guda ba za ta ɗauke yaran jiha mai ƙananan hukumomi 23 ba. Manomin da ke Dandin Mahe, wanda kuɗin mota zuwa birni ma sai ya sayar da kwanon gero, in aka ce masa ya kai ɗansa Sakkwato, abin da ya ji shi ne ya mai da shi gida. Daga nan yaron ya zama mai zaman ƙofar gida, yara suna jifansa. Daɗin daɗawa, yaron da ya iya lissafin aji ɗaya na sakandare, abin da ya rage masa kawai shi ne jure hayaniya, me zai kai shi nesa da iyayensa?

Na biyu sukan ce ba mu da malaman da aka horar, aji kuma ya cika. Wannan ita ce hujja mafi nauyi. Malamin da ke da yara 50 ko 60, da alli guda a hannu, ba za a ɗora masa laifi in ya ce ya gaji ba. Sai dai in muka duba abin da irin wannan ɗalibi yake bukata, yawancinsa ba kuɗi ba ne. Yana bukatar ya san abin da zai faru kafin ya faru: a rubuta tsarin darussan yini a gefen allo, in za a canza malami ko a ɗage jarrabawa a gaya masa tun da wuri. Yana bukatar a yi masa magana kai tsaye. Mu Hausawa masu son habaici da karin magana ne, malami yakan ce wa mai surutu, "To, ci gaba, kasuwa ce," kowa ya gane ya yi shiru, amma wannan yaro zai ci gaba da gaske, domin an ce ya ci gaba, sa'an nan a yi masa bulala a kan raini. A zaunar da shi nesa da taga mai kallon janareta, nesa da ƙarfen da ake bugawa na tashi. In abin ya yi masa yawa, ya toshe kunnuwa ya fara ihu ko ya faɗi ƙasa, a gane cewa tulu ne ya cika ya tumbatsa. A janye 'yan kallo, a bar shi ya je inuwa ko ɗakin karatu ya huce, ya komo. Tsayuwar taron safe a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, ko mu masu cewa lafiyarmu lau da ƙyar muke jurewa. Kaɗa hannu da jijjiga jiki kuwa, in ba ya cutar da kowa, a ƙyale shi, hanyarsa ce ta kwantar da hankali, kamar yadda wani yakan tauna bayan biro a ɗakin jarrabawa. Wanne ne cikin waɗannan yake bukatar a tara baiko na musamman?

Hujja ta uku ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, amma ita ce take yanke hukunci a makarantu masu karɓar kuɗi: kada ya ɓata mana sakamakon WAEC da NECO, kada kuma sauran iyaye su kwashe 'ya'yansu. A nan ne ya kamata mu tuna ko mu su wane ne. Lokacin da mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, wajen ƙarshen shekarun 1930, ta je wurin mutanen da kowa yake gudu ne, kuma da yawa cikin masu bi na farko a ƙasar Hausa ta wannan ƙofa suka shigo. A 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, a lokacin da ake ganin makaho ba shi da wata sana'a sai bara. Makarantar da ta fito daga wannan tsatso, in ta fara auna yara da ma'aunin wanda zai ƙawata allon talla a bakin hanya, ta manta gidan ubanta. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da abin tunawa a nan: a Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga, Shehu kuwa ya tsawata wa malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Marigayi Alhaji Shehu Shagari ma malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Wannan yanki ya daɗe da sanin darajar shigo da wanda aka bari a waje cikin karatu.

Ga wanda tarihi bai ishe shi ba, akwai doka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda ta ba su 'yancin neman ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma tanadi tara ga mutum ko ma'aikatar da ta nuna musu bambanci. Tun a 1994 ma wakilan gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantun kowa da kowa su riƙa karɓar dukan yara. Amma abin kunya ne a ce sai da tsoron tara za a sa ikkilisiya ta yi abin da Bulus Manzo ya riga ya koya mata a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 12, inda ya kwatanta mu da gaɓoɓin jiki ɗaya, ya kuma nuna cewa gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su.

A ƙarshen shekarun 1990 wata 'yar ƙasar Ostireliya, Judy Singer, ta taimaka wajen yaɗa wani tunani da za mu iya kira bambancin halittar ƙwaƙwalwa. Ma'anarsa ita ce, kamar yadda yatsun hannu ba su zama ɗaya ba, haka ƙwaƙwalen 'yan Adam, kuma ba kowane bambanci ne cuta da za a nemi kawarwa ba. Akan ba da misali da Temple Grandin ta Amurka, wadda ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, amma ta zama farfesa a ilimin dabbobi, domin tana lura da ƙananan abubuwan da ke firgita shanu waɗanda sauran mutane ba su gani, har ta tsara hanyoyin bi da su a mayanka da ake amfani da su a ko'ina a ƙasarta. Makiyayanmu masu gudali da sun zauna da ita da sun fahimci juna. A nan gida ma, ranar 2 ga Afrilu, 2025, wadda ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin otizim tun 2008, an baje wani zane a Dandalin Eagle da ke Abuja, na wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, zanen da faɗinsa ya haura murabba'in mita 12,000 ya kuma shiga kundin Guinness.

Sai dai muna jan kunne a kan irin waɗannan labarai. Suna da daɗin ji, amma suna iya sa a riƙa tambayar kowace uwa, "To, shi naki mece ce baiwarsa?" Yawancin yaran nan ba za su shiga wani kundi ba, kamar yadda yawancinmu ba za mu shiga ba. Labarin da ya fi kama da abin da muke nema shi ne na Donald Triplett, yaro na farko cikin 11 ɗin nan da Kanner ya duba. An taɓa kai shi gidan ajiye yara, iyayensa suka je suka ɗauko shi. Ya girma a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi, ya yi makarantar garin, ya yi kwaleji, ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin da danginsa suke da hannu a ciki, yana tuƙa motarsa, yana zuwa sujada. Halinsa bai rabu da shi ba, yana nan da son lambobi da sauran abubuwansa har tsufa. Mutanen garin ne suka ɗauke shi nasu, suka saba da shi, suka tsare masa mutunci. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Garin Forest bai fi Bodinga ko Shagari yawan jama'a ba.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman manyan aji da masu riƙe da muƙami, rabin wannan aiki a hannunku yake. Malami yana tare da yaro minti 40, ku kuna tare da shi a ɗakin kwana, da layin abinci, da bakin famfo. A can ne ake ɓoye masa kwano don a ga yadda zai birkice, a can ake aikensa ya je ya faɗa wa wata yarinya maganar banza domin an san duk abin da aka ce masa zai yi, a can ake raɗa sunan da zai bi shi har ya bar makaranta. Mai yin haka ya sani cewa wanda ba ya iya ramawa ya zaɓa. In babban ɗalibi guda wanda ake jin maganarsa ya ce, "Wannan ƙanena ne," ya zaunar da shi kusa da shi a wurin cin abinci, tsokana takan mutu cikin mako ɗaya. Dawuda sarki bai aika wa Mefiboshet gurgu da abinci can Lodebar ba, teburinsa ya kawo shi.

Ga iyayenmu na Zumuntar Mata da malaman Makarantar Lahadi: akwai matan da suka daina zuwa sujada, ba don sun ja da baya ga bangaskiya ba, sai don duk lokacin da ganga da lasifika suka tashi ɗansu yakan yi ihu, kawuna su juyo. A ziyarce su. A ajiye musu benci kusa da ƙofa inda za su iya fita su komo, a rage ƙarar lasifika kaɗan, gama tsofaffi ma za su gode.

Ga Hukumar Makaranta da Shugabanmu kuma, roƙonmu kafin ɗaukar sababbin ɗalibai na shekara mai zuwa shi ne a ƙara layi ɗaya a takardar neman shiga, inda iyaye za su iya bayyana irin bukatar ɗansu, a kuma rubuta a ƙarƙashinsa cewa faɗin gaskiya ba zai sa a ƙi yaron ba. A zaɓi malami ɗaya mai haƙuri wanda iyaye za su riƙa zuwa wurinsa, a tura shi ya ga yadda ake yi a A. A. Raji ko da na mako guda ne, a kuma gayyaci likita daga Sakkwato ya yi wa taron iyaye da malamai bayani da Hausa a zangon karatu na biyu.